Yadda Mai Tatsar Nono da Inji Za Ta Ƙara Yawan Ruwan Nononta

A gidajenmu na Makka da Jidda da Madina, da zarar mai jego ta ce nononta ya ja baya, abin da ake fara yi shi ne ɗora tukunya. Inna ta dafa hulba, gwaggo ta dama kunun gyaɗa, uwar miji ta aiko da dabino da man shanu, maƙwabciya 'yar Sudan kuma ta shigo da madidar hulba tana tururi. Duk wannan gata ne, kuma mai jego tana bukatar ci da sha. Sai dai macen da take tatsar nono da inji, ko don ɗanta bakwaini ne yana kwance a ɗakin jarirai na asibiti, ko don ya ƙi kama nono, ko don hutun haihuwarta ya ƙare ta koma bakin aiki, ya kamata ta sani tun da wuri cewa mafi yawan maganin matsalarta yana ga hannunta da agogonta. Ruwan nono yana ƙaruwa gwargwadon yadda ake fitar da shi, yana kuma raguwa gwargwadon yadda ake barinsa yana kwana a ƙirji.

Jikin uwa ba ya ƙirga kofin kunu nawa ta sha; abin da yake lura da shi shi ne sau nawa aka ja nonon, da kuma yadda aka kwashe abin da ke ciki. Duk lokacin da bakin jariri ko inji ya ja kan nono, ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarai biyu. Na farko, wanda likitoci ke kira furolaktin, shi ne ke sa nono ya haɗa ruwa. Na biyu, oksitosin, shi ne ke matse 'yan jakunkunan da ruwan ke taruwa a cikinsu har ya gangaro, wato abin da mata ke cewa nono ya kawo, wani lokaci har da jin ɗan zugi a ƙirji. Ban da wannan, shi kansa nonon yana da nasa ma'auni: idan ya cika tam aikin haɗa ruwa yana yin sanyi, idan kuma aka kwashe shi ya yi laushi aikin yana ƙara sauri. A nan ne mata da yawa ke tafka kuskuren da ya fi kowanne cutar da su, su ce bari a bar shi ya taru tukuna don a samu da yawa. Tabbas kwalbar za ta fi cika a wannan zaman guda, amma jiki ya riga ya ɗauka cewa bukata ta ragu, kuma cikin 'yan kwanaki jimillar abin da ake samu a yini za ta sauka.

Kafin ki fara kowane gyara, 'yar'uwa, ki tabbatar cewa nonon ya ragu da gaske. Ki samu ɗan littafi, ko ki buɗe wuri a wayarki, ki riƙa rubuta lokacin kowace tatsa da mililita nawa kika samu har tsawon kwana uku, sannan ki haɗa jimillar kowane awa 24, domin abin da aka samu a zama ɗaya ba ya nuna komai. Na safe yakan fi yawa, na yamma yakan yi kaɗan, kuma kusan kowace mace tana da ɓangare ɗaya da ya fi ɗan'uwansa bayarwa. A kwanakin farko bayan haihuwa dakashi ne ke fitowa, ɗigo-ɗigo, abin da bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba a lokaci guda, kuma hannu ya fi inji iya fitar da shi. Kada a zubar da shi kamar yadda wasu tsofaffinmu suka saba, domin shi ne rigakafin farko na jariri. Tsakanin kwana na 2 da na 5 ruwan ke kawowa sosai, daga nan ya yi ta hauhawa, kuma abin da mai tatsa zalla take nema a makonnin farko shi ne ta kai mililita (mil) 750 zuwa lita ɗaya a awa 24. Jaririn da ke tsakanin wata ɗaya da wata shida yana shan kimanin mil 750 a yini, kuma wannan adadin ba ya ƙaruwa sosai duk da girman da yake yi. Ita kuwa wadda take shayarwa kai tsaye sannan ta tatsa a tsakani, idan ta samu mil 30 zuwa 60 daga nonon biyu kada hankalinta ya tashi, domin ragowar abin da yaro ya bari take kwashewa. Shaidar da ta fi ta kwalba ƙarfi tana jikin jaririn: famfas shida ko fiye da suka jiƙe da fitsari marar duhu a yini daga kwana na 5, komawarsa nauyinsa na haihuwa kafin ya wuce mako biyu, da ƙarin giram 150 zuwa 200 a kowane mako a watanni ukun farko. Laushin da nono yake yi bayan arba'in ba alamar ƙafewa ba ce, daidaituwa ce da bukatar yaro. Hotunan firiza cike da jakunkunan nono da ake gani a Snapchat da TikTok kuwa, na matan da nononsu ya wuce kima ne, kuma su ma suna da tasu wahalar da ba sa ɗauka a hoto.

Idan lissafi ya nuna raguwa ta gaskiya, abin da za a fara dubawa shi ne yawan zama. Mai tatsa zalla tana bukatar aƙalla zama 8 a awa 24 a watanni ukun farko, uwar bakwaini ko wadda take son farfaɗo da nonon da ya ja baya kuwa ta yi ƙoƙarin kai 10. Mu da muke zaune a ƙasar da kiran salla ke shigowa kowane ɗaki muna da agogon da ba ya kuskure, ko da mai jego tana cikin jinin biƙi ba ta salla. Ki tatsa da Asuba, da hantsi, da Azahar, da La'asar, da Magariba, da Isha'i, da lokacin da za ki kwanta, sannan sau ɗaya cikin dare. Takwas ke nan. A kalandar Ummul Ƙura da ake bi a Saudiyya tazarar Magariba da Isha'i minti 90 ce kawai, sai a Ramadan ta koma awa biyu, amma kada kusancin ya sa ki haɗe su wuri ɗaya, domin ba a bukatar tazarar ta zama daidai wa daida, yawan zaman ake bukata. Zama takwas na minti 15 ya fi zama huɗu na rabin awa amfani nesa ba kusa ba, duk da cewa jimillar mintunan ɗaya ce. Idan baƙi suka cika gida lokacin bai ba ki ba, tatsar minti biyar ta fi tsallake zaman gaba ɗaya.

Zaman dare shi ne mafi ɗaci kuma mafi riba, saboda furolaktin yana kai ƙololuwarsa ne tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 5 na dare. A watannin farko kada tazara mafi tsawo ta wuce awa huɗu zuwa biyar, kuma sau ɗaya kawai a yini. Akwai wata al'ada tamu ta nan da nake ganin tana cinye nonon mata fiye da kowane rashin abinci, wato raba dare ana hira, musamman a lokacin zafi da hutun makaranta, sannan a kwanta bayan Asuba kada a farka sai an kira Azahar. Wannan barcin awa shida ko bakwai yana faɗawa ne daidai lokacin da nono ya fi cika. Wadda ba za ta iya sauya tsarin barcin gidanta ba, ta saita ƙararrawar waya a tsakiyar barcin, ta tashi ta tatsa minti 15 ta koma. A nan maigida yana da aikin da zai iya yi ba tare da ya rage masa komai ba: ya ba yaro fida a lokacin da uwar take tatsa, ya wanke kayan injin, ya ajiye mata su a haɗe kusa da gado.

Yadda ake yin zaman kansa ma yana da nasa tsari. Bayan wanke hannu, ki ɗora tsumma mai ɗumi a nonon na minti biyu ko uku, ɗumin da fata take jin daɗinsa, sannan ki shafa shi a hankali daga wajen hammata zuwa kai, da taushin da za ki shafa kumatun jariri. Ki tatsi nonon biyu a lokaci guda idan injinki yana ba da dama, domin wani bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa yin hakan yana ba da ƙarin kimanin kashi 18 cikin 100 a kan tatsar ɗaya bayan ɗaya, ga kuma ragin lokaci. Yawancin injinan lantarki suna farawa da ja mai sauri marar ƙarfi, irin tsotson jariri mai jin yunwa. Idan ruwan ya fara feshi sai ki koma ja mai nauyi a hankali, idan feshin ya tsaya ya koma ɗigo sai ki sake komawa mai sauri na minti ɗaya ko biyu, saboda nono yana iya kawowa sau biyu ko uku a zama ɗaya, kuma wadda ta kashe inji bayan kawowar farko ta bar rabonta a ciki. Yayin da injin yake aiki, hannunki ya riƙa matsa wuraren da kika ji suna da tauri, ki riƙe na 'yan daƙiƙoƙi ki saki, kina zagayawa. Idan ruwan ya tsaya ki ƙara minti biyu, ki cire injin, ki gama da tatsar hannu a cikin mazurarin injin da ake kifawa a kan nono. Dakta Jane Morton ta Jami'ar Stanford a Amurka ta yi nazarin wannan haɗin na hannu da inji a kan iyayen bakwaini, kuma sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna ƙarin kashi 48 cikin 100 a matsakaici bayan an koya musu shi. Babu wani abin sha da na sani da ya taɓa kusantar wannan adadin, kuma ba a biyan ko riyal ɗaya. Don hannuwanki su samu sarari, ki ɗauki tsohuwar rigar nono mai kama jiki ki huda ƙananan ramuka biyu daidai kan nono, ta riƙe miki mazuraran.

Oksitosin kuwa sinadari ne mai kunya. Tsoro da ciwo da jin cewa wani zai turo ƙofa suna hana nono kawowa ko da a cike yake, kuma da yawanmu a ɗakunan haya muke zaune tare da dangi, ga masu zuwa barka ba sa yankewa. Ki nemi lungun da za ki rufe ƙofa, ki ajiye rigar da yaron ya cire kusa da hancinki ko ki kalli bidiyonsa, ki lulluɓe kafaɗunki idan sanyin na'urar sanyaya ɗaki yana dukanki, kuma idan zura wa kwalba ido yana tayar miki da hankali ki sanya mata safar jariri ki rufe ta har ki gama. Wadda ɗanta yake asibiti ta roƙi ma'aikatan jinya su bar ta ta ɗora shi a ƙirjinta fata da fata idan lafiyarsa ta ba da dama, sannan ta tatsa nan take a gefen gadonsa.

Hausawa sun ce rijiya ta ba da ruwa guga ya hana, kuma sau da yawa abin da ke faruwa ke nan tsakanin uwa da injinta. Abin da ya fi hana ruwa fita shi ne mazurarin da ake kifawa a kan nono. Wanda yake zuwa a cikin kwali galibi mai faɗin milimita 24 ne, alhali mata da yawa suna bukatar wanda bai kai haka ba. Ki auna faɗin kan nononki daga gindinsa da rula, ban da baƙin da ke kewaye da shi, kafin tatsa, ki nemi mazurarin da ya yi daidai da awon ko ya ɗara shi da milimita ɗaya zuwa uku. Ana samun ƙananan robobi da ake cusawa a cikin babban mazurari su rage masa faɗi, kuma nonon dama da na hagu suna iya bambanta. Idan baƙin kewayen yana shiga cikin bututun da yawa, ko kan nonon ya fito a kumbure, mazurarin ya yi girma. Idan kuma yana gogar bango yana yin fari da zafi, ya yi kaɗan. Sai 'yar robar nan mai kama da bakin agwagwa da ke ƙarƙashin mazurari, wadda ita ce ke riƙe iska: tana saki ba tare da ido ya gani ba, kuma mai tatsa kullum ta sauya ta duk bayan wata ɗaya zuwa uku. Duk macen da nononta ya faɗi kwatsam cikin kwana biyu ba tare da wani dalili ba, ta fara sauya wannan robar kafin ta zargi jikinta. Game da ƙarfin ja, ki ƙara shi a hankali har ki ji ya fara damunki, sannan ki rage mataki ɗaya; ƙure shi ba ya ƙara ruwa, rauni yake jawowa, ciwo kuma yana hana kawowa. Injin da a saidaliyya, wato kantin magani, za ki ji ana kira shaffaɗ iri-iri ne. Na hannu yana da amfani ga tafiya da tatsar jefi-jefi, ƙananan da ake sakawa cikin rigar nono ana yawo da su suna da daɗin aiki amma ba kowace mace suke kwashe wa nono sosai ba, don haka wadda take son gina nono ta dogara da na lantarki mai baki biyu, irin na Medela ko Spectra ko makamantansu. Wadda za ta sayi na lantarki da aka riga aka yi amfani da shi a kasuwar gwanjo ta tuna cewa na'urar da ke jan iska a cikinsa tana gajiya, kuma ta sayi sababbin mazurarai da bututu da robobi.

Idan an gyara duk wannan ana kuma son a ƙara zaburar da jiki, akwai dabarar awa guda da ke kwaikwayon nacin da jariri yake yi wa nono da yamma. Ki tatsa minti 20, ki huta 10, ki tatsa 10, ki huta 10, ki sake tatsa 10. Sau ɗaya a yini ya isa, a madadin ɗaya daga cikin zamanki na kullum, har tsawon kwana uku zuwa bakwai. A zagaye na biyu da na uku wataƙila ɗigo kawai za ki gani, kuma hakan ba faɗuwa ba ce, domin saƙo ake aika wa jiki, amsar kuma sai bayan 'yan kwanaki take zuwa.

Yanzu sai mu koma ga tukunya. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin abinci da bai wuce kalori 500 ba a yini, wato kamar ƙarin matsakaicin kwano ɗaya, kuma kunun gyaɗa da fura da dabino da miyar zogale da wake da ƙwai duk suna biyan wannan bukatar. Ruwa kuwa ki sha duk lokacin da kika ji ƙishi, ki ajiye gora kusa da injin, ki duba fitsarinki ya kasance marar duhu, musamman a zafin Makka da ke haura digiri 40. Amma ɗura ruwa fiye da ƙishi ba ya ƙara nono. Hulba wasu matan suna ganin amfaninta wasu ba sa gani, kuma binciken da aka yi a kanta bai tsaya a kan magana ɗaya ba. Tana sauya warin gumi da fitsari, tana iya kawo kumburin ciki ga uwa ko yaro, tana saukar da sukarin jini, don haka mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini da wadda jikinta ba ya karɓar gyaɗa su tambayi likita kafin su sha. Abin da zan ja kunne a kansa da babbar murya shi ne kunun kanwa, wanda har yau ake aiko wa masu jego kanwarsa daga gida a cikin kayan alhazai. Likitocin da suka yi aiki a Zariya a shekarun 1970 sun lura da yawan gazawar zuciya a tsakanin matan Hausawa bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kanwa, wadda take cike da sinadarin sodiyam irin na gishiri, haɗe da wankan jego da tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Mai hawan jini ko kumburin ƙafa ta nisance shi gaba ɗaya, kuma duk mai jegon da ta ji numfashinta yana sarƙewa idan ta kwanta ta tafi asibiti a ranar.

Akwai kuma abubuwan da suke rage nono a ɓoye. Maganin mura da toshewar hanci mai ɗauke da sinadarin da ake rubutawa pseudoephedrine a jikin kwali yana cikinsu. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 2003 ya nuna ƙwaya ɗaya mai miligiram 60 ta rage nonon yini da kashi 24 cikin 100, kuma kowa ya san yadda mura take yawo a lokacin Hajji da Umrar azumi, don haka ki gaya wa mai saidaliyya cewa kina shayarwa kafin ya miƙo miki komai. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estirojin suna iya rage shi, haka sabon ciki, haka sigari da shisha, kuma dawowar al'ada takan sa ya ɗan sauka na 'yan kwanaki sannan ya dawo. Idan kin yi mako biyu kina bin tsarin nan da gaske ba ki ga motsi ba, ki ga likita a duba jininki, domin ragowar mabiyiya a mahaifa, da zubar jini mai yawa wajen haihuwa, da ƙarancin jini, da ciwon suga, da matsalar tayirod da ke maƙogwaro, da tsohuwar tiyata a nono, duk suna iya riƙe ruwan komai ƙoƙarin uwa. Maganin nan domperidone da mata ke raɗa wa juna sunansa yana ƙara furolaktin, amma yana iya rikita bugun zuciya, saboda haka ba abin da za a karɓa daga jakar ƙawa ba ne, sai da rubutun likita. Layin wayar Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya na 937 yana amsa tambayoyi irin waɗannan dare da rana.

Wani lokaci kuma nonon bai ragu ba, fidar ce take gudu. Ruwa yana zubowa daga kan fida ba tare da wahala ba, jariri yana haɗiya ko ya ƙoshi, kaka kuma ba ta iya jin kukan jikanta ba ta cika masa kwalba ba, sai uwa ta dawo ta tarar an shanye na yini biyu a wuni ɗaya. Lissafin da ake yi shi ne kimanin mil 30 ga kowace awa da uwa ba ta nan, a raba shi kwalba-kwalba ta mil 90 zuwa 120. A yi amfani da kan fida mai ƙaramin rami, a zaunar da yaro a ɗan miƙe, a riƙe kwalbar a kwance, a riƙa tsayawa ana barinsa ya huta. Kada a ba shi ruwa kafin wata shida, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi umarni, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Ko Zamzam ne, uwar ta sha. Idan likita ya ce a ƙara da madarar gwangwani saboda nauyin yaro, a ƙara ba tare da jin kunya ba, cikin yaro ba ya jiran nono ya farfaɗo, sai dai duk lokacin da aka ba shi madara uwar ta zauna ta tatsa, don kada jikinta ya ɗauka an daina nema. Idan kuma wata 'yar'uwa ce za ta taimaka da nata nonon, a tabbatar da lafiyarta kuma a rubuta a ajiye, domin nonon da aka sha a kofi ko fida ma yana haramta aure a wurin mazhabobi huɗu. A Malikiyya da muka taso a cikinta ko sau ɗaya ya isa, a Hambaliyya da ake bi a nan kuwa sai sau biyar.

Ga mai komawa aiki, dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba ta hutun haihuwa na mako 12 tun daga watan Fabrairun 2025, sashe na 154 kuma ya ba ta hutun shayarwa da jimillarsa ta kai awa ɗaya a yini, ana lissafa shi cikin lokacin aiki ba tare da an rage mata albashi ba. Mata da yawa suna tara awar su tashi da wuri, amma ga mai tatsa ya fi amfani ta raba ta gida biyu ko uku a tsakiyar aiki. Masu aikin gida wannan dokar ba ta shafe su ba, sai dai su nemi fahimtar matar gida su tsayar da lokuta sanannu. Wajen ajiya, ƙa'idar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ita ce awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firiji, wata 6 a firiza, kuma har awa 24 a jakar sanyi mai ƙanƙara. A lura da sharaɗin digiri 25 ɗin nan, domin motar da aka ajiye a rana a Jidda ba ta cikin wannan lissafin ko kaɗan. Mai niyyar Umra ta tatsa gab da fitowarta daga masauki, ta saka ƙaramin injin hannu a jaka, saboda ɗawafi da sa'ayi a lokacin cunkoso suna iya cin awa uku ko fiye.

A Ramadan, shari'a ta yi wa mai shayarwa rangwame ta sha azumi idan ta ji wa kanta ko ɗanta tsoro, batun ramuwa da ciyarwa kuma ta tambayi malaminta. Wadda jaririnta bai kai wata shida ba kuma nononta yana tangal-tangal, a ganina ta karɓi rangwamen. Wadda ta zaɓi ta yi azumin ta sani cewa tatsa ba ta karya shi, don haka kada ta bar zaman rana, ta rarraba shan ruwanta tsakanin buɗa-baki da sahur, ta jinkirta sahur, kuma idan ta ga jiri ko fitsarinta ya yi duhu ko famfas ɗin yaro sun ragu ta sha ruwa.

A yi hattara kada neman ƙari ya wuce gona da iri. Nonon da ya fi ƙarfin bukata yana jawo ƙululu da kumburi, kuma idan wani wuri ya yi tauri da zafi, abin da ake shawarta yanzu shi ne a ɗora sanyi, a ci gaba da tatsa yadda aka saba ba tare da ƙari ba, kada a murje shi da ƙarfi. Idan zazzaɓi da rawar sanyi suka shigo suka wuce awa 24, ko wurin yana ƙara ja, a ga likita. Bayan wata uku, idan jimillarki ta tsaya daram a inda yaro yake bukata, kina iya fara rage zama, ɗaya kawai a lokaci guda, ki sa ido a kan littafinki na mako ɗaya kafin ki taɓa na gaba, idan kuma kin ga jimillar tana sauka ki mayar da wanda kika cire. Mata sun bambanta a yawan abin da nononsu yake iya riƙewa, kuma wannan ba shi da alaƙa da girmansa a ido. Wata zama biyar yana riƙe mata nononta har yaye, wata kuma idan ta sauka ƙasa da bakwai sai ya fara ja baya. Ki fara cire na Isha'i tunda yana maƙwabtaka da na Magariba, na Asuba da na kafin kwanciya kuwa su zama na ƙarshe da za ki taɓa.